Ƙwaryar da ke Saman Tsamiya

SHAFI NA 19

Masu aiko mani da saƙo tun da safe wai na bar Mansura a tsaye rana tana dukanta, ku yi haƙuri, wayata ce ta mutu, kuma kun san halin wutarmu. Ga ta nan, ku gyara zama.

*

Ranar kasuwar Kwarin Ɗinya ce, amma rabin kasuwar ya watse tun ba a tashi ba. 'Yan awo sun kife mudu a kan buhu, mahauta sun bar wa ƙuda gadin nama, kowa ya nufi rumfar Sarkin Kasuwa, domin an ce yau za a kori Mansura mai POS, matar Abdulkarim direban a-kori-kura.

Duk wanda ya san garin nan ya san a cikin rami yake. Tudu gabas, tudu yamma, sai ka kusa Ketare sannan wayarka take farfaɗowa. Sauran masu POS na kasuwar yini suke suna ɗaga na'ura sama suna laluben sabis. Ta Mansura ce kaɗai ke aiki daga safe har la'asar. Manomi ya sayar da masara ko waken suya, maimakon ya cusa kuɗi a wando ya bi hanyar daji yana waige-waige, sai ya miƙa mata ta tura masa a asusu, ya koma gida hankali kwance. Falke ya zo daga Faskari ko Sabuwa, ya sa kati ya biya, ya yi lodi. Da rumfar nan take sayen maganin mahaifiyarta, da ita take riƙe karatun 'yarta Rukayya.

Laifinta ɗaya ne. Rumfarta ita ce ta ƙarshe, a gindin tudun da tsamiyar gidan Inna Asibi take, tsamiyar da Maguzawan unguwar tudu ke yi wa yanka tun kaka da kakanni. Kuma kowace ranar kasuwa da safe ana ganinta da doguwar gora tana rataya wata ƙwarya naɗe da jan ƙyalle a can saman reshe, da yamma ta sauke abarta.

Yanzu ga ta durƙushe a gefen tabarma, na'urarta a cinya. Sarkin Kasuwa, Alhaji Lawwali, yana kan kujera yana jan carbi. Liman Malam Hadi yana zaune a damansa. Jabiru, mai babbar rumfar POS ta tsakiyar kasuwa, shi ne a tsaye.

"Ranka shi daɗe, ni ba hassada ta kawo ni ba," in ji Jabiru.

Duk wanda ya buɗe baki da wannan, ku ma kun san abin da ya kawo shi.

"Na'urata sabuwa ce dal, daga Katsina na ɗauko ta. Tata kau duk ta ƙoƙe, da roba ta ɗaure bayanta. Kamfaninmu guda, layinmu guda. To mi ya sa tata ke ci tawa na azumi?"

"Ci gaba," in ji Sarkin Kasuwa.

"Sai ta rataya ƙwaryar nan sannan aiki ke tashi. Ran da ta makara ba ta rataya ba, da idona na ga na'urar ta yi shiru. Jama'a, in ba tsahi ba, mi ne ne wannan? Kuɗin Musulmi ake bi da su ta gindin tsamiya."

Taro ya ɗauki guna-guni. Wani manomi mai malafa ya ɗaga hannu daga baya.

"Ni dai tun da na tura kuɗina ta wurinta akuyata ta yi ɓari."

"Akuyarka da ke kwana tana cin leda a juji?" in ji wata mai ƙosai. Wasu suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Sarkin Kasuwa ya gyara rawani.

"To, magana ta hito hili. Ba mu iya barin irin wannan a kasuwarmu. Daga yau rumfar nan..."

"Ranka shi daɗe," Liman ya katse shi a hankali, "ba a ji ta bakinta ba."

"Malam, mi za ta ce? Kowa ya ga ƙwarya."

"Kowa ya ga ƙwarya. Wa ya ga cikinta?"

Ido ya dawo kan Mansura.

Gaskiya tsoro ya kama ta. Abin da ke cikin ƙwaryar nan shi ne sirrin sana'arta, shi ne abin da ya raba ta da masu yini suna ɗaga hannu sama. In ta buɗe, gobe kowa ya kwaikwaya. In ta ƙi, ta rasa rumfa, ta kuma koma gida da sunan matsafiya, sunan da zai bi Rukayya har cikin ajin Islamiyya. Ta dubi Jabiru, ta ga yadda yake murmushi yana kaɗa makullin rumfarsa a yatsa. Nan tsoron ya sauka, haushi ya hau.

"Ranka shi daɗe, a zo a buɗe ta."

"Babu buƙata."

"Akwai, ranka shi daɗe. A gaban jama'a aka ce mani matsahiya, a gaban jama'a nake son a buɗe."

"Wa zai buɗe?" in ji Jabiru. "Salon hannun mutum shi shanye?"

Liman ya jawo takalmansa ya saka.

"Ni zan buɗe. Ku tashi mu tahi."

*

Haka aka ɗunguma. Mansura a gaba, Liman a bayanta, Sarkin Kasuwa yana tafe yana ƙunƙuni, jama'a kuwa har da masu tallan ruwa. Sai dai suna isa bakin inuwar tsamiya, maza suka ja birki. Gardawan da ke ɗaga buhun masara da hannu ɗaya, ga su sun jeru a rana suna gumi, babu wanda ya yarda ko yatsan ƙafarsa ya shiga inuwar. Liman ya yi bisimilla ya shige abinsa.

Mansura ta miƙa masa na'urar.

"Malam, dubi saman allon nan. Mi ka gani?"

"Na ga 'yan sanduna a tsaye, a cike."

"To ka riƙe, ka sa masu ido."

Ta ɗauko gorarta daga bayan rumfa, ta miƙa ta sama, ta saƙalo igiyar, ta fara sauke ƙwaryar a hankali. Tana saukowa jama'a na ja da baya. Wata mata ta rufe wa ɗan goyonta fuska da mayafi.

"Sanduna sun fara zubewa," in ji Liman. "Saura guda. To, ita ma ta tahi."

"Kun ji ko," in ji Jabiru daga can cikin rana. "Kun ji da kunnenku."

Ƙwarya ta sauka ƙasa. Liman ya tsuguna, ya kwance jan ƙyallen, ya ɗaga faifan da aka rufe da shi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa hannu ya fito da wani ɗan farin akwati da bai kai tafin hannu ba, wata 'yar fitila tana ƙiftawa a jikinsa, an jona shi da waya a jikin fawa banki, batirin nan na cajin waya.

"Mansura, aljanin naki caji ake yi mashi?"

"Kullum, Malam. In ban yi mashi ba, yaji yake."

Mai ƙosai ce ta fara tuntsirewa, sannan dariya ta bi taron har baya.

"Yi mana bayani," in ji Liman.

"Maifai ake ce mashi, Malam. Akwai layin waya a cikinsa. Sabis ɗin da ke tahowa daga wajen Ketare ta saman kanmu yake wucewa, ba ya sauka cikin kwarin nan. Saman tsamiyar nan kaɗai yake gogawa. Akwatin ya kamo shi daga can, ya zubo mani shi nan rumfa. Shi ke nan tsahin."

"To ƙwaryar ta mece ce?" wani ya tambaya.

"Ruwa da rana. Na gwada robar fenti, zafi ya kusa dafa shi."

"Jan ƙyallen fa?" in ji Jabiru. "Mi ya sa ja? Babu fari a gidanku?"

"Tsohon zanen goyon Rukayya ne. Shi na samu, shi na yaga."

"Duk itatuwan garin nan sai tsamiyar tsahi?"

Mansura ta juyo ta fuskance shi sosai.

"Na fara ratayawa a darbejiyar bakin tasha. Sabis ɗin kaɗan ne, kuma kahin azahar an sace mani akwatin. Na sake tara kuɗi na sayi wannan. Tun da na rataya shi a nan, ko ƙyallen ba wanda ya taɓa. Ka nuna mani maigadin da ya kai tsamiyar nan a Kwarin Ɗinya, in ɗauke shi aiki."

Wannan karon har mahauta suka riƙe ciki. Liman ya mayar da akwatin, ya rufe, ya ɗaure da hannunsa.

"Mayar da ita sama in gani."

Ta mayar. Yana kallon allo sanduna suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Ya laluba aljihun gaba ya zaro katinsa.

"Cire mani na cefane."

Ta sa kati, ya danna lambobinsa, na'ura ta yi ɗan kukanta ta turo takarda. Kafin ya mayar da kati aljihu, ta ƙirgo masa kuɗinsa, a nan gindin tsamiya. Ya ɗaga takardar da kuɗin sama kowa ya gani.

"Jama'a, babu tsahi a nan. Dabara ce, kuma halal ce."

Mansura ta ji wani sanyi ya sauka mata tun daga ka har ƙafa. Amma Jabiru bai gama ba.

"Malam, ai ba a rataya abu a itacen iskoki sai da yardarsu. Mi ta ba su? A tambaye ta mi ta yanka."

"Ni ya kamata a tambaya."

Muryar daga saman tudu ta fito. Kowa ya ɗaga kai. Inna Asibi ce ke gangarowa, tsohuwa doguwa siririya, sanda a hannu, babban kwando rufe da buhu a ka. Jikokinta wasu masallaci suke zuwa, wasu coci, ita kuwa tana nan a kan abin da ta gada, kuma duk garin babu wanda bai taɓa cin daddawarta ba. Ta sauke kwandon a gindin tsamiya, ta zauna a kan saiwa, ta miƙe ƙafa.

"Sannunku. Na ji ana shari'a da itacena ba a kira ni ba."

"Sannu, Inna," in ji Liman. "Ana tambaya ne ko yarinyar nan ta yi yanka."

"Ɗiyag ga? Zuwa ta yi ta yi sallama, ta durƙusa, ta ce in ara mata reshe guda. Na ce ɗauki. Abin da take kawo mani sabulu ne da gishiri, ran sallah ta aiko da tuwo. Tsamiyag ga ta kakanninmu ce. Ruwa muke roƙo gindinta, da lahiyar gero. Ba ta san kati ba, ba ta san waya ba."

Ta juya ta kafe Jabiru da ido.

"Amma akwai wanda ya zo neman yanka."

Jabiru ya fara laluben hanya ta baya. Sai dai bayansa mahauta ne, kafaɗa da kafaɗa.

Inna Asibi ta ɗaga gefen buhu, ta zura hannu, ta zaro jan zakara ƙato, ƙafafu a ɗaure. Ya bubbuga fiffike ya yi cara.

"Jabiru ɗan Gide, ka gane shi?"

"Ni? Ina zan san shi? Zakaru nawa ne a garin nan?"

"Da hantsi ka zo, ranar da ba kasuwa, ka biyo ta bayan gonar dawa don kar a gan ka. Ka ce Inna, abin da kika yi ma Mansura ki yi mani ninki biyu. Na ce yaro, ban yi mata komi ba. Ka ce in daina ɓoye-ɓoye. Ka aje shi ka ruga. Tun ran nan shina cin dawata, ga shi har ya yi wuya."

"Ƙarya ce, wallahi tsufa ne ke..."

"To zagaya bayan itacen, Malam, ka ɗaga kai."

Liman ya zagaya. A wani ƙaramin reshe da hannu ke kaiwa, ga wata ƙwarya rataye, sabuwa fil, naɗe da jan yadi mai tsada. Ya sauke ya buɗe. Goro ne a ciki, da ƙwai da suka fara wari, da ɗan ƙaramin allon talla mai hoton Jabiru yana murmushi riƙe da na'ura, an rubuta JABIRU POS, AIKI NAN TAKE.

Ni kaina da nake ba ku labarin nan ban san yadda zan kwatanta ihun da aka yi ba. Mai ƙosai ta zauna daɓas a ƙasa tana share hawaye. Wani ɗan awo ya bi ta bayan Jabiru yana cara. Liman kaɗai ne bai yi dariya ba.

"Jabiru, kai ka tara mu a kan ana shirka a kasuwa."

"Malam, sharrin Shaiɗan ne."

"Shaiɗan ne ya buga maka hoton? Ka je ka tuba, kuma ka nemi gafarar baiwar Allah nan a gaban mutanen da ka ɓata ta."

Jabiru ya matso, kai a ƙasa, murya kamar ta mai mura.

"Ki yi haƙuri, Mansura."

"Ban ji ba. Lokacin da kake ce mani matsahiya har bakin tasha ana jin ka."

"Na ce ki yi haƙuri. Ƙazahi na yi maki."

"Na haƙura. Ɗauki zakaranka, ka biya Inna dawarta."

Mata suka ɗauki guɗa. Mansura ta rungume na'urarta, ta juya za ta shiga rumfa.

"Dakata."

Sarkin Kasuwa ne. Tun da aka zo yana can bakin inuwa yana jan carbi da sauri-sauri.

"An wanke ta, mun ji, mun gode Allah. Amma ni ke da alhakin zaman lahiyar kasuwa. Rumfar nan ta jawo hitina. Kuma mace ita kaɗai a ƙarshen kasuwa, gindin tsamiya, bai dace ba. Kwamiti zai karɓi rumfar ya ba wanda ya dace. Ita a nema mata wuri cikin layin masu kuka da kuɓewa."

Guɗa ta tsaya cak. Sai yanzu Mansura ta gane. Da bakinta ta gaya wa duniya cewa duk kasuwar nan rumfa ɗaya ce sabis ke zubowa cikinta. Layin masu kuka kuwa yana can ƙasan kwari, inda ko ihu ka yi ba ya fita.

"Ranka shi daɗe, lokacin da na karɓi rumfar nan awaki ke kwana cikinta. Ba wanda ya so ta ko kyauta. Ni na kwashe kashin awaki, ni na sa kwano, ni na yi daɓe. A lokacin ba a ce bai dace ba."

"Yarinya, ba gardama na zo yi da ke ba."

"An ce na yi laihi, an duba ban yi ba. To hukuncin na mene ne?"

"Alhaji," in ji Liman, "wannan kam akwai gyara."

"Malam, masallaci naka ne, kasuwa tawa ce. Na yanke."

Ya juya zai tafi. Hawayen da Mansura ta riƙe tun safe suka cika mata ido, ta cije leɓe don kada Jabiru ya gani.

"Sarkin Kasuwa," in ji Inna Asibi, "kwandon nan bai ƙare ba."

Ya tsaya, amma bai juyo ba.

Ta sake zura hannu. Wannan karon farin zakara ta zaro, fari tas, ta ɗora shi a cinya tana shafa bayansa.

"Wanga kau mutum biyu suka kawo shi. Su ba sabis suka nema ba. Cewa suka yi a toshe ma ɗiyag ga kasuwa, a hidda mata rumhwar nan daga rai, ta tashi da ƙahwarta. Na ce mu ba mu yin wanga aiki, ko iyayenmu ba su yi shi ba. Suka ce in dai yi tunani, suka bar shi."

Jama'a suka fara kallon juna.

"Guda daga cikinsu shina cikin taron ga. Babban mutum ne, ina jin nauyinshi. Amma tun da yau ranar buɗe ƙwarya ce, halan in hwaɗi sunanshi a huta?"

"Faɗi, Inna," in ji jama'a. "Faɗi."

Carbin Sarkin Kasuwa ya suɓuce ya faɗi a ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗago fuska jiƙe da gumi, ga wani murmushi da bai san inda zai ajiye shi ba.

"Haba Inna, mi ya yi zahi? Tonon asiri ba shi da kyau, ko na wane ne. Ni dama gwada yarinyar nan nake, in ga ko tana son sana'arta."

"To ka gani?"

"Na gani ƙwarai. Jama'a ku shaida, rumfar nan ta Mansura ce. Ba mai tashinta, ba ni ba, ba kwamiti ba, ba wanda zai zo bayana."

"Malam, ka ji?" in ji Inna Asibi.

"Na ji, kuma na shaida," in ji Liman. Ya daɗe yana duban Alhaji Lawwali, irin duban da ya fi magana ciwo, sannan ya kaɗa rigarsa ya nufi masallaci.

"Saura nawa hukuncin," in ji tsohuwar. "Itace nawa ne. Ba mai rataya ko tsinke a jikinshi sai ta hannun Mansura. Wanda ya hau ba da saninta ba, to shi da abin da ya gani."

Ta faɗi haka ne tana danne dariya, amma babu wanda ya yi niyyar gwadawa.

Guɗar da aka yi a karo na biyu ta fi ta farko. Kafin Mansura ta gama gyara zama a kan bencinta, layi ya miƙe daga bakin rumfa har ya shige cikin inuwar tsamiya, inuwar da ɗazu ake gudu. Mutum na farko a layin kuwa mai malafar nan ne, wanda akuyarsa ta yi ɓari.

"Hajiya Mansura, a tura mani na masara."

"Ba ka tsoron sauran awakin?"

"Ai leda ce, Hajiya. Kowa ya san leda ce."

Sauran masu POS suka zo suna sosa ƙeya, ta ce duk mai so ya kawo bencinsa kusa ta jona shi, amma da la'ada, kuma a gaishe da Inna kafin a zauna. Suka amsa da sauri. Fataken Sabuwa suka karɓi lambarta. Yinin ranar na'urar nan mai ɗaurin roba ba ta huta ba, har sai da takarda ta ƙare aka sa sabuwa. Mansura tana aiki tana dariya ita kaɗai. Tun da ta fara sana'a ba ta taɓa jin daɗi irin na yau ba, domin yau da sunanta da rumfarta ta tashi, kuma a gaban kowa.

*

La'asar ta yi sanyi, kasuwa ta fara watsewa. Inna Asibi tana zaune a bakin rumfa tana shan kunun zaƙin da Mansura ta saya mata, farin zakara a gefenta. Mansura ta sauke ƙwarya, ta jingine gora, ta zo ta tsuguna kusa da ita.

"Inna, ban san da bakin da zan gode maki ba."

"Ki bar godiya, ki ƙaro gishiri."

"Cikin masu farin zakaran, guda na gane shi, Sarkin Kasuwa ne. Rumfar yake so ya ba ɗansa, tun bara nake jin ƙishin-ƙishin."

"Shi rakiya ya yi. Ko baki bai buɗe ba, tsaye ya yi shina waige."

"To na biyun fa?"

Tsohuwar ta ajiye kofin. Ta ɗauki zakaran ta ɗora wa Mansura a cinya.

"Ɗiyata, ki ci nasararki ta yau. Gobe ma rana ce."

"Inna, wanda ya nemi raba ni da abincina, gara in san shi. Kar in riƙa gaishe shi ina dariya."

"Shi ya sayi zakaran, shi ya yi magana. Har da hawaye. Ya ce ya gaji."

"Ya gaji da mi? Mi na tsare mashi?"

"Ya ce da can in ya shigo tasha da sunanshi ake kiranshi. Yanzu kau ko yaran mota sai su ce ga mijin mai POS."

Mansura ta sunkuyar da kai ta ƙura wa zakaran ido.

Sai ga ƙarar ham daga bakin hanya. A-kori-kura ta tsaya, Abdulkarim ya diro, hula a karkace, ƙunshin tsire a hannu, baki har kunne.

"Tun daga Faskari labari ya iske ni. Barka, barka. Ai na ce masu matata ba ta..."

Idonsa ya sauka a kan abin da ke cinyarta. Ƙafarsa ta tsaya a inda take.

Mansura ta miƙe a hankali, ta tako har gabansa, ta miƙa masa farin zakaran da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Baban Rukayya. Riƙe mani wannan, ai ya san hannunka."